Benito Musolini da yaƙin Girka

An haifi Benito Musolini ran 29 ga Yuli 1883 a garin Predappio, cikin ƙasar Italiya. Ubansa maƙeri ne, uwarsa malamar lakwal. Shi ma ya yi koyarwa, sa'an nan ya koma aikin jarida. A 1919 ya kafa ƙungiyar Fasist, a 1922 kuwa sarki Biktor Emanuwel na uku ya ba shi ragamar gwamnati. Ba da daɗewa ba ya hana sauran jam'iyyu, ya tattara iko duka a hannunsa.

Burinsa shi ne ya maido da daular Rum ta dā. Ya faɗa wa Habasha a 1935, ya haɗiye Albaniya a 1939. Ran 10 ga Yuni 1940, da ya ga Faransa ta durƙusa gaban Jamus, sai ya shiga yaƙin duniya na biyu a ɓangaren Hitila.

Cikin Oktoba 1940 Hitila ya aika da soja Rumaniya ba tare da ya shawarce shi ba. Abin ya ɓata wa Musolini rai, ya ƙudura shi ma ya ci Girka shi kaɗai. Ya yanke shawara ran 15 ga watan, ya ba hafsoshi ƙasa da mako biyu su shirya. Manyan soja sun ga aikin na bukatar runduna 20, amma aka fita da ƙasa da rabin haka. Bugu da ƙari, a daidai wannan lokaci ya sallami soja wajen 600.000 domin aikin girbi.

Ran 28 ga Oktoba shugaban Girka, Metaksas, ya ƙi miƙa wuya. Sojan Italiya suka ƙetaro daga Albaniya cikin ruwan sama da taɓo, ga duwatsun Pindus, ba isassun motoci, ba tufafin sanyi. Tsakiyar Nuwamba Girkawa suka juyo kansu, suka kora su har cikin Albaniya. Musolini ya ɗora laifi bisa hafsoshi, babban hafsa Badoliyo ya ajiye aiki. Cikin Maris 1941 ya zo fagen daga da kansa domin ya ga sabon farmaki, wannan ma ya ci tura. Sai da Hitila ya kawo ɗauki a Afrilu kana Atina ta faɗi.

Wannan yaƙi ya raba ƙarfin Italiya biyu. A Libiya da Masar Ingilishi suka kama sojanta wajen 130.000, ran 5 ga Mayu 1941 kuma sarki Haile Selasiye ya koma Adis Ababa.

Ran 25 ga Yuli 1943 sarkin Italiya ya tuɓe Musolini, aka tsare shi. Jamusawa suka kuɓutar da shi, suka ɗora shi bisa arewacin ƙasar. Ƴan gwagwarmaya suka kama shi yana neman gudu, suka harbe shi ran 28 ga Afrilu 1945, aka rataye gawarsa a birnin Milan.