Paul Voulet: Hafsan da ya ƙone Birnin Ƙonni bai taɓa gurfana gaban kotu ba

An haifi Paul Voulet ne a birnin Paris na ƙasar Faransa a shekarar 1866. Ya shiga aikin soja yana saurayi, aka kuma tura shi Afirka ta Yamma a lokacin da Turawa ke rububin raba ƙasashen yankin.

Sunansa ya fara fitowa ne a 1896, lokacin da shi da Julien Chanoine suka kame Wagadugu, babban birnin ƙasar Mossi, da ƙarfin bindiga.

A 1898 gwamnatin Faransa ta damƙa wa Kyaftin Voulet jagorancin wata runduna da za ta tashi daga Kogin Kwara zuwa Tafkin Chadi. Chanoine, wanda mahaifinsa janar ne da ya riƙe muƙamin ministan yaƙi a wannan shekarar, shi ne mataimakinsa.

Rundunar, wadda ta ƙunshi Faransawa ƙalilan da ɗaruruwan sojoji 'yan Afirka da 'yan dakon da aka kamo tilas, ba ta da isasshen guzuri. Don haka ta dogara ga wawashe rumbunan talakawa da dabbobinsu.

Daga Lugu zuwa Ƙonni

A watan Janairun 1899 Voulet ya sa aka hallaka mutane kimanin ɗari a Sansanin Hausa da ke gaɓar Kwara, ciki har da mata da yara.

A watan Afrilu Sarauniya Mangu ta ja daga da shi a Lugu, cikin ƙasar Arewa, amma bindiga ta rinjayi kibiya.

A watan Mayu ne ya afka wa Birnin Ƙonni, mai iyaka da Illela ta jihar Sakkwato a yau. An ƙone garin, an kashe ɗimbin mazaunansa, an kuma kwashe mata a matsayin ganima.

Labarin ta'asar ya isa Paris ne ta hanyar wasiƙar Laftanar Peteau, wani hafsa da Voulet ya kora daga rundunar. Hukumomi suka umarci Laftanar-Kanar Klobb ya bi sawunsa, ya bincika, ya kuma karɓe jagorancin. A kan hanya Klobb ya yi ta tarar da garuruwa a ƙone da rijiyoyi cike da gawarwaki.

Ranar 14 ga watan Yuli suka haɗu a Dankori, kusa da Tasawa, inda Voulet ya sa aka harbe Klobb. Daga nan ya shaida wa hafsoshinsa cewa ya yanke hulɗa da Faransa, zai kafa daular kansa.

Sojojinsa ne suka juya masa baya. Sun kashe Chanoine ranar 16 ga wata, washegari kuma suka kashe Voulet, yana ɗan shekara 32. An binne su a Maijirgi.

Shari'ar da ba a yi ba

Babu wani hafsa da aka gurfanar a kan waɗannan kashe-kashe. Sauran rundunar ta ci gaba, ta kame Damagaram a ƙarshen watan Yuli. A 1902 ma'aikatar mulkin mallaka ta rufe bincikenta, aka ɗora laifin a kan taɓin hankalin da aka ce zafin Afirka ya jawo wa mutanen biyu.

A daidai watan da Voulet ya mutu ne manyan ƙasashe, har da Faransa, suka sa hannu kan yarjejeniyar dokokin yaƙi a birnin Hague. Sai dai ta shafi yaƙi ne tsakanin ƙasashen da suka amince da ita, ba yaƙe-yaƙen mamaye Afirka ba.

Sai bayan Yaƙin Duniya na Biyu ne wata kotun ƙasa da ƙasa ta hukunta manyan kwamandoji, lokacin da kotun Nuremberg ta yanke wa Wilhelm Keitel da Alfred Jodl na Jamus hukuncin rataya a 1946.

Yarjejeniyar Rum ta 1998, wadda ta kafa Kotun Hukunta Manyan Laifuka ta Duniya, ta ɗora wa kwamanda alhakin laifin dakarunsa idan ya sani, ko ya kamata ya sani, amma bai hana ba. To amma hurumin kotun bai kai ga abin da ya faru kafin watan Yulin 2002 ba.

Jikokin waɗanda aka kashe a Ƙonni da Lugu sun kai kokensu Majalisar Ɗinkin Duniya. A 2025 Faransa ta ce a shirye take ta tattauna da hukumomin Nijar, amma ba ta amsa laifi ba.