Marigayi Alfred Hitchcock: Gwanin Sinima Da Yabo Ya Iske A Makare

An haifi Alfred Hitchcock ran 13 ga watan Agusta, 1899, a unguwar Leytonstone ta birnin Landan. Mahaifinsa mai sayar da kayan lambu ne. Shi da kansa ya sha ba da labarin yadda, yana ƙaramin yaro, mahaifin ya aike shi ofishin 'yan sanda da wata takarda, aka kulle shi na 'yan mintoci don ya ga sakamakon rashin ji. Wannan tsoro bai rabu da shi ba, shi ya sa finafinansa da yawa suke magana kan mutumin da aka ɗora wa laifin da bai aikata ba.

Ya shiga sana'ar sinima cikin 1920, yana zana rubutun da ake sakawa cikin finafinai marasa murya. Ya auri Alma Reville cikin 1926, ta zama abokiyar shawararsa a wajen aiki har ƙarshen rayuwarsa. Cikin 1939 ya koma Amurka, inda fim ɗinsa na farko a can, Rebecca, ya ci lambar Oscar ta fim mafi kyau na 1940.

Dabararsa ita ce ya sanar da ɗan kallo haɗarin da ke tafe tun kafin mutanen cikin labarin su farga, sa'an nan ya bar shi cikin zulumi. Haka ya yi a Vertigo na 1958. James Stewart ya fito a tsohon ɗan sandan ciki na San Francisco mai tsoron hawa sama, wanda aka sa ya bi sawun wata mace, Kim Novak, har sonta ya nemi zautar da shi. Hitchcock ya tona asirin makircin tun da sauran tafiya, don hankalin ɗan kallo ya koma kan zuciyar mutumin.

Masu sharhi da dama ba su gamsu ba. Suka ce fim ɗin ya yi tsawo, yana tafiyar hawainiya. Matasan masu sharhi na Faransa ne suka tsaya kai da fata cewa mutumin nan gwani ne na gaske. Ɗayansu, François Truffaut, ya yi doguwar hira da shi cikin 1962, ya fitar da ita littafi cikin 1966.

Sau 5 aka sa sunan Hitchcock cikin takarar Oscar ta masu ba da umarni, bai taɓa ci ba. Ya rasu a Los Angeles ran 29 ga watan Afrilu, 1980, yana da shekara 80, 'yan watanni bayan Sarauniyar Ingila ta ba shi muƙamin Sir.

An sake fito da Vertigo cikin 1983, bayan shekara 10 ba a nuna shi. Cikin 2012 masu sharhi na duniya, a ƙuri'ar mujallar Sight and Sound, suka zaɓe shi fim mafi daraja a tarihi, ya ture Citizen Kane da ya riƙe matsayin tun 1962. A ƙuri'ar 2022 ya zo na biyu. Tafiyar hawainiyar da aka kushe a 1958 ita ce ake koyar da ɗalibai yau.