Tarihin Likita Paul Ehrlich, Marinin Da Ya Gano Makamar Magani

Kowa ya taɓa shan magani ya warke, amma kaɗan ne su ka san yadda ƙwaya ke shiga ciki har ta sami inda cuta ta ke. Wanda ya fara warware wannan al'amari shi ne Paul Ehrlich, wani likita Bayahude na ƙasar Jamus, wanda mu ke kawo wa masu karatu tarihinsa yau.

An haife shi ran 14 ga Maris, 1854, a garin Strehlen, wanda yanzu ya ke cikin ƙasar Poland. Tun yana makarantar likita babu abin da ya ɗauke masa hankali kamar rini. Ya kan yanki tsoka siririya kamar ɓawon albasa, ya rina ta, ya duba da madubin likita, sai ya ga launi ya kama wani sashe ya bar wani. Marinanmu sun san haka, gama ba kowane zare baba ke kamawa ba. A kan wannan bincike ya sami shaidar likita a Leipzig cikin 1878.

Da Robert Koch ya gano ƙwayar tarin fuka cikin 1882, Ehrlich ya kyautata hanyar rina ta. Ciwon ya kama shi, har ya tafi Masar jinya cikin 1888. Da ya komo ya shiga aiki tare da Koch a Berlin, inda ya tsara ma'aunin ƙarfin maganin mashaƙo.

Daga rini ya kai ga babban tunaninsa cikin 1897, watau dafi ba ya yin lahani sai ya sami wurin kamawa a jikin ƙwayoyin halitta, kamar yadda ƙota ke shiga gatari. Wannan wuri shi mu ke kira makama. Daga baya, bayan da John Langley na Kambirij ya nuna irin wannan cikin 1905, ya yarda cewa magani ma haka ya ke. To, in ƙwayar cuta tana da makamar da jikin mutum ba shi da ita, ai ana iya haɗa maganin da zai kashe ta ya bar majinyaci.

Cikin 1904 shi da Kiyoshi Shiga, mutumin Japan, su ka warkar da ɓeraye da wani jan rini daga cuta mai dangantaka da sammore da ciwon barci. Sa'an nan ya juya ga haɗe-haɗen gubar arsenik, ana gwadawa ɗaya bayan ɗaya, ana ba kowane lamba. Cikin 1909 mataimakinsa Sahachiro Hata ya ga mai lamba 606 na warkar da tunjere. Aka fito da shi cikin 1910 da sunan Salvarsan, shi ne kuwa babban maganin tunjere har zuwan fenisilin. Ya sami kyautar Nobel cikin 1908, ya rasu a Bad Homburg ran 20 ga Agusta, 1915, yana da shekara 61, bai taɓa ganin makama da idonsa ba.

Bayan ransa gaskiyarsa ta bayyana. Ga misali kusa da mu. Akwai wani sinadari cikin jiki, adenosin, wanda Drury da Szent-Györgyi su ka nuna cikin 1929 yana rage bugun zuciya. Yana taruwa cikin ƙwaƙwalwa muddin mutum na farke, ya kama makamarsa, barci ya zo. Kafeyin da ke cikin goro da shayi ya kan riga shi zama wurin, shi ya sa akawun da ya ci goro ba ya gyangyaɗi. Makamar adenosin iri 4 ce. Yanzu masana su kan ɗauki ƙwayar gadon da ke gina ta a jikin mutum, su dasa cikin ƙwayoyin halitta da a ke kiwo a kwalba, su sami furotin ɗin tsantsa, su gwada magunguna a kansa kafin a kai ga majinyaci. Cikin 2008 aka fito da siffar ɗaya daga cikinsu filla-filla.

Muna jawo hankalin malaman makaranta ga wannan. Yaron da ya cika tambaya, ya ɓata hannunsa da tawada, kada a hana shi. A koya masa duba abu sosai, da rubuta abin da ya gani, da haƙurin sake gwaji. Mai haƙuri ya kan dafa dutse.