Masaru Ibuka, mutumin da ya sha wuya kafin rediyo ta shiga aljihu

Duk wanda ya ratsa kasuwar Tanut ko ta Belbeji da hantsi zai ji rediyo tana magana a rumfar mai goro, wata a gefen faifan mai fura. Yau za mu kawo muku tarihin ɗaya daga cikin mutanen da suka sa wannan akwati ya ƙanƙance har ana rataya shi a kafaɗa.

An haifi Masaru Ibuka a garin Nikko na ƙasar Japan a 1908, ya gama jami'ar Waseda a 1933. Da aka ƙare yaƙin duniya na biyu a 1945, birnin Tokyo ya zama kufai, sai ya buɗe shagon gyaran rediyo a cikin wani kanti da yaƙi ya lalata. Ya ƙera tukunyar dafa shinkafa mai aiki da lantarki, amma shinkafar ko ta caɓe ko ta ƙi nuna, dole ya watsar da ita. A watan Mayu na 1946 shi da abokinsa Akio Morita suka kafa kamfani da ma'aikata wajen 20, wanda daga 1958 ake kira Sony.

Babban aikinsu na farko shi ne na'urar ɗaukar murya. Ba su da robar yin zaren da murya ke zama a kai, sai suka yanka takarda siri-siri, suka soya garin wani sinadari a kasko, suka riƙa shafa shi da buroshi da hannu. A 1950 na'urar ta fito. Nauyinta kilo 35, kuɗinta yen 160,000, alhali wanda ya gama jami'a bai samun 10,000 a wata. Kowa ya gani sai ya yaba, ya wuce. Ku 'yan kasuwa kun san wannan ciwon. Sai da Morita ya nemo masu buƙatarta da gaske: kotun ƙolin Japan, wadda ke ƙarancin masu rubuta shari'a, ta ɗauki 20. Daga baya suka yi ƙarama, makarantu suka saya.

A 1952 Ibuka ya je Amurka, ya ji labarin taransista, wani ɗan ƙanƙanin abu mai maye gurbin manyan kwalaben cikin rediyon da, masu zafi da shan wuta. Kamfanin Western Electric ya nemi dala 25,000 kafin ya ba su izinin ƙera shi, ma'aikatar ciniki ta Japan kuwa ta yi ta jan ƙafa wajen barin kuɗin su fita. Da izini ya samu sai wata matsalar ta taso: cikin taransista 100 da suka ƙera, 5 kawai ke yin aiki. Ibuka bai jira ba, ya sa aka fara ƙera rediyo a haka. A ganina kasada ce babba, ko da yake ta fisshe shi. Duk da hanzarin nan, Amurkawa sun riga su fitar da tasu mai suna Regency a 1954.

A 1955 Morita ya kai samfurin rediyonsu Amurka. Kamfanin agogo na Bulova ya nemi 100,000, da sharaɗin a liƙa sunan Bulova a jiki. Morita ya ƙi, duk da kamfaninsu na cikin ƙishin kuɗi. Ashe ma da rabon su tsira, domin da zafi ya shigo a watan Mayu, robar gaban rediyon ta lanƙwashe ta ɓamɓare a kusan duka waɗanda aka ƙera. Zafin Tokyo ke nan fa, ina ga na Damargu a bazara! Aka sake akwatin, a watan Agusta rediyon TR-55 ta shiga kasuwa.

A 1957 suka fitar da TR-63, suka kira ta rediyon aljihu. To amma ta ɗan fi aljihun riga girma, sai aka ɗinka wa masu tallanta riguna masu faffaɗan aljihu. Ita ce ta buɗe musu kasuwar Amurka.

Ibuka ya kasance mai son jin kiɗa in yana doguwar tafiya a jirgin sama, kuma wannan buƙata tasa na cikin abin da ya haifar da ƙaramar na'urar kaset ta Walkman a 1979. Ya rasu a Tokyo ranar 19 ga Disamba 1997, yana da shekara 89.