Muhammadu Kanta: Jarumin da ya gina Surame, birnin da daji ya cinye

Duk wanda ya halarci bikin kamun kifi na Argungu ya ji sunan Kanta, amma kaɗan ne ke zuwa ganin birnin da ya gina.

Muhammadu Kanta ya yi fice a farkon ƙarni na 16, yana cikin mayaƙan Askiya Muhammad na daular Songhai. Bayan yaƙin Agadas, rikici ya ɓarke kan rabon ganima. Kanta ya ɓalle a wajajen 1516, kuma rundunar da aka turo ta murƙushe shi ba ta yi nasara ba. Daga nan masarautar Kabi ta tsaya da ƙafarta.

Ya kafa Surame a matsayin babban birninsa, ya kewaye shi da ganuwar duwatsu da laka. Masana tarihi sun ce kibiya ce ta yi ajalinsa a ƙasar Katsina, yana dawowa daga yaƙi da Borno.

A farkon ƙarni na 18 Kabawa suka koma Birnin Kabi, Surame ya zama kufai. A yau kufan yana cikin Jihar Sakkwato, itatuwa sun mamaye shi, ganuwar tana zubewa, duk da cewa yana cikin jerin share fage na UNESCO tun 2007.

Jihar Kebbi, daga Zuru har Argungu, sunan masarautarsa ta gada. Mai son sanin Kanta ya fara da gidan tarihin da ke ɗauke da sunansa a Argungu, sannan ya nufi Surame.