Sarauniya Amina ta Zazzau da Maƙwabtanta

Gabatarwa

Da wuya a sami ɗalibin Hausa da bai taɓa jin sunan Sarauniya Amina ba. Sai dai idan aka tambaye mu yaushe ta rayu, da wa ta yi yaƙi, kuma daga ina labarinta ya zo mana, kaɗan ne daga cikinmu za su iya ba da amsa. Ni ɗan Kasuwan Magani ne a ƙaramar hukumar Kajuru, kuma Hausa ba harshen da na buɗi baki da shi ba ne. Yankinmu ya daɗe yana hulɗa da masarautar Zazzau, saboda haka na ga ya dace in yi ɗan tsokaci a kan rayuwar wannan baiwar Allah.

Asalinta da Zamaninta

Labaran baka sun nuna cewa Amina ɗiyar Bakwa Turunku ce, wadda ta sarauci Zazzau tun hedikwatar ƙasar tana Turunku, garin da yanzu yake cikin ƙaramar hukumar Igabi. Tana da ƙanwa mai suna Zariya, wadda ake cewa sunanta birnin Zariya ya ci. An ce tun tana ƙarama ta fi sha'awar zaman fada da sha'anin makamai a kan wasan 'yan mata, har aka naɗa ta Magajiya tana da shekara 16.

Masana sun rabu gida biyu game da zamaninta. Littafin Tarihin Kano, wanda H. R. Palmer ya fassara zuwa Ingilishi a 1908, ya kawo ta a zamanin Sarkin Kano Dauda, wato tsakanin 1421 da 1438. Ɗaya ɓangaren kuwa ya ce Bakwa ta hau mulki wajen 1536, ɗan'uwan Amina mai suna Karama ya yi sarauta daga 1566 zuwa 1576, sannan ita ta gaje shi har zuwa 1610. Wani abin lura kuma shi ne, babu sunanta a jerin sarakunan Zazzau, abin da ya sa wasu ke ganin gimbiya ce mai jagorancin yaƙi, ba ta hau karaga ba.

Zazzau a Tsakanin Abokan Hamayya

Ba za a fahimci Amina ba sai an dubi inda ƙasarta take. Zazzau ce ta fi kowace ƙasa cikin Hausa Bakwai kusa da kudu. Kano da Katsina suna arewa da ita, Nufe tana kudu maso yamma, Kwararrafa kuma tana kudu maso gabas. Ta nan fatake ke bi da gishiri da dawaki da tufafi su yi kudu, su komo da goro da bayi. Duk wanda ya riƙe waɗannan hanyoyi, to shi ke da kuɗin fito, shi ke da ƙarfi.

Wannan gasa ta girmi Amina. Tarihin Kano ya nuna Sarkin Kano Kanajeji (1390 zuwa 1410) ya kawo wa Zazzau yaƙi har Turunku aka kore shi, daga baya ya sake dawowa ya kashe Sarkin Zazzau. Ke nan ta tashi a ƙasar da ta san ɗacin mamaya.

Yaƙe-yaƙenta

Tarihin Kano ya ce Amina ta shafe shekara 34 tana yaƙi, ta ci garuruwa har zuwa Kwararrafa da Nufe, kowane gari yana kawo mata gandu. Sarkin Nufe ya aiko mata da babanni 40 da goro 10,000, kuma littafin ya ce ita ce ta fara mallakar babanni da goro a ƙasar Hausa. Shi ma Muhammadu Bello, a littafinsa Infaƙul Maisuri, ya ambaci cewa ta rinjayi Kano da Katsina da ƙasashen kudu.

Dabarar da aka fi tunawa da ita ita ce gina ganuwa. An ce duk inda ta yada zango sai ta sa a kewaye sansanin da katangar ƙasa, daga baya wasu sansanonin suka zama garuruwa. Shi ya sa har yau ake kiran tsofaffin katangu da yawa ganuwar Amina.

Rasuwarta

An ce ba ta taɓa aure ba, ba ta kuma bar baya ba. Muhammadu Bello ya nuna ta rasu a Atagara, wurin da ake dangantawa da yankin Ida a jihar Kogi ta yau, nesa ƙwarai da gida. Sunanta kuwa bai mutu ba: akwai Kwalejin Sarauniya Amina a Kaduna, da ɗakin kwanan ɗalibai mata mai sunanta a Jami'ar Ahmadu Bello, kuma a 2021 aka fitar da fim ɗin Izu Ojukwu a kan rayuwarta.

Kammalawa

A ra'ayina, akwai abin da ake yawan tsallakewa idan ana yabon Amina. A labarin Bayajida, da aka raba wa ƙasashen Hausa ayyuka, Zazzau ce ta sami sarautar bayi, kuma daga kudu ake samo bayin nan. A ƙarni na 19 ma Kajuru da Kauru da Jama'a suna kai gandu Zariya, kuma dattawan ƙabilun yankinmu ba su manta dalilin da ya sa kakanninsu suka riƙa zama a kan duwatsu ba. Saboda haka nasarar da ake yi wa kirari a wani gida, makoki ce a wani gidan.

Wannan bai rage mata jarumta ba. Mace ce da ta jagoranci maza a fagen fama, ta ɗaga ƙasarta sama da maƙwabtan da suka taɓa cin ta da yaƙi. Abin da nake roƙon 'yan'uwana ɗalibai shi ne, idan mun koma gida hutu mu zauna da tsofaffi, na Zariya da na Kajuru da na Kafancan, mu rubuta abin da kowa ya gada daga bakin kakanninsa, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.