TAƘAITACCEN TARIHIN MARIGAYI DOKTA ANDREW STIRRETT, BATURE MAI MAGANI

Yayin da muke murnar cika shekara 50 da kafa ikilisiyarmu, ya dace mu tuna da wani uba wanda bai taɓa shiga wannan majami'a ba, domin ya huta tun ba a aza harsashinta ba. Duk da haka, duk Lahadin da muka buɗe Littafi Mai Tsarki ko muka ɗaga murya da waƙa cikin harshen Hausa, muna cin amfanin gonar da ya yi wa sassabe.

An haifi Andrew Park Stirrett a shekarar 1865 a jihar Ontariyo ta ƙasar Kanada. Ya koyi aikin haɗa magunguna, ya buɗe kantunan magani a birnin Toronto, harka kuwa ta yi masa kyau ƙwarai. Yana cikin wannan wadata sai ya karanta ɗan littafin da Rowland Bingham ya rubuta game da ƙasashen Sudan, wato wannan yanki namu. Shi Bingham ya sauka Ikko tun 1893 tare da Walter Gowans da Thomas Kent. Cikin shekara guda abokan nan biyu suka mutu, Gowans a Girku, Kent a Bida, shi kansa aka koma da shi gida ba lafiya. Labarin da ya isa ya tsorata kowa ke nan, amma shi ya zama kira ga Stirrett.

Ya miƙa dukiyarsa ga mishan ɗin da daga baya aka sani da S.I.M. Shugabanni suka yi jinkirin karɓarsa, gama shekarunsa sun kusa 37, a ganinsu ya girme wa zazzaɓin Afirka. Bai tsaya jiran amsa ba. Ya shiga jirgin ruwan dakon shanu zuwa Ingila, ya yi karatun cututtukan ƙasashe masu zafi a Libaful, kafin ƙarshen 1902 kuwa ya iso Patigi a ƙasar Nufe. Mutumin da aka yi wa shakka saboda shekaru, shi ne ya yi kusan shekara 46 a bakin aiki.

A 1904 ya koma Wushishi, inda ya saba da fatake a zango. Daga nan zuciyarsa ta manne wa Hausawa har ƙarshen ransa. A nan ne kuma gwajinsa mafi girma yake. Gwamnatin Turawa ta hana 'yan mishan zama a yawancin masarautun Arewa, saboda haka mutanen da ya bar kome dominsu suna Kano da Katsina da Sakkwato, shi kuwa an tsare shi a bakin iyaka. Wani da ya karaya. Shi dai ya lura Bahaushe matafiyi ne, in ba a bar ka ka je gidansa ba, zai same ka a hanya. Ya riƙa bin zango zango da jakar magani da Maganar Allah. Da ya zauna a Jos, inda haƙar kuza ta tara jama'a daga ko'ina, kullum da yamma yakan hau kan wani dutse a kasuwa ya yi wa'azi, domin shi gajeren mutum ne. Shekara da shekaru yana haka, masu amsa kira ba su da yawa, bai kuwa fasa ba.

Ya kasance cikin waɗanda suka yi aiki tare da Dokta Walter Miller na C.M.S. wajen juya Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa, aka buga shi cikakke a 1932. Ya kuma yi wahala sosai a kan littafin waƙoƙin sujada.

Bai yi aure ba. Iyalinsa su ne sababbin ma'aikatan mishan, waɗanda yakan tsananta wa kamar uba a kan shan kwinin, da kwana cikin gidan sauro, da tafasa ruwan sha, da sa hular rana. Wasu sun ga kamar ya cika tsanani, amma ya san abin da ya kashe na farko. Yakan tashi tun kafin asuba domin addu'a.

Allah ya ja ransa har ya ga an fara buɗe ƙofar da ya daɗe yana ƙwanƙwasawa: mishan ta shiga Kano a shekarun 1930, aka kuma buɗe asibitin ido a can a 1943. Ubangiji ya kira shi gida a Jos cikin watan Yuli 1948, yana da shekara 82, aka binne shi a Miyango. Shekara 6 bayan haka, a 1954, ikilisiyoyin da suka fito daga aikin S.I.M. suka haɗu suka zama E.C.W.A.